Cif MKO Abiola: Attajirin da ya kayar da ɗan Kano a Kano

A ranar Asabar, 12 ga watan Yunin 1993, masu zaɓe a jihar Kano sun fita rumfunan zaɓe domin tantance gwani tsakanin mutum biyu: ɗan garinsu, Alhaji Bashir Othman Tofa na jam'iyyar NRC, da kuma wani attajiri Bayarabe daga Abeokuta, Cif Moshood Kashimawo Olawale Abiola na jam'iyyar SDP.

Da aka kammala ƙidaya, baƙon ne ya zo kan gaba, da kimanin kashi 52 cikin ɗari na ƙuri'un jihar.

Wannan sakamako ya saɓa wa abin da aka saba gani. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979, kowane ɗaya daga cikin 'yan takara biyar ya lashe jiharsa ta haihuwa. Alhaji Shehu Shagari ya ci Sakkwato, Cif Obafemi Awolowo ya ci Ogun, Malam Aminu Kano ya ci Kano, Alhaji Waziri Ibrahim ya ci Borno, yayin da Dakta Nnamdi Azikiwe, wanda aka haifa a Zungeru amma asalinsa ɗan Onitsha ne, ya ci Anambra.

Marigayi Abiola bai hau kujerar da aka zaɓe shi ba. Sojoji sun soke zaɓen, an tsare shi shekara huɗu, ya kuma rasu a hannun hukuma yana da shekara 60.

To sai dai tarihin rayuwarsa yana bayyana yadda aka yi ya samu wannan farin jini a wuraren da ba a zata ba, da kuma iyakar inda farin jinin ya tsaya.

Ɗan wabi daga Abeokuta

An haifi Moshood Abiola ne a ranar 24 ga watan Agustan 1937, a garin Abeokuta da ke jihar Ogun ta yanzu, a gidan Musulmi masu ƙaramin ƙarfi.

Shi ne na 23 cikin 'ya'yan da mahaifinsa, Salawu Abiola, ya haifa, kuma shi ne na farko da ya rayu ya wuce ƙuruciya. Abin da Hausawa ke kira wabi ke nan.

Kamar yadda a ƙasar Hausa akan sa wa irin waɗannan yara suna Ajuji ko Ayashe, haka iyayensa suka kira shi Kashimawo, wanda da Yarbanci yake nufin a jira a gani.

Tun yana shekara tara ya fara shiga daji yana yo itacen girki yana sayarwa kafin ya tafi makaranta. Da ya kai shekara 15 kuma sai ya haɗa ƙungiyar makaɗa, suna zuwa wuraren bukukuwa, da abin da yake samu yake biyan kuɗin makaranta yana kuma taimaka wa gida.

Ya yi karatun sakandare a makarantar mishan ta Baptist Boys' High School da ke Abeokuta, inda ya zama editan mujallar makarantar. Mataimakinsa a wannan aiki wani ɗalibi ne mai suna Olusegun Obasanjo.

Abiola yana da i'ina tun yana yaro, kuma ba ta bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka ya yi fice wajen jawabi, musamman saboda yadda yake lulluɓe magana da karin maganar Yarbawa.

A 1956 ya kama aikin akawu a bankin Barclays da ke Ibadan. Daga bisani ya samu tallafin gwamnati ya tafi Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya, inda ya karanta aikin akanta.

Da ya dawo gida ya yi aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, sannan kamfanin magunguna na Pfizer, kafin ya koma kamfanin sadarwa na Amurka, ITT, a ƙarshen shekarun 1960.

Dukiya da kyauta

A kamfanin ITT ne tauraruwarsa ta fara haskawa. Rundunar sojan Najeriya ta daɗe riƙe da bashin kamfanin, kuma neman wannan bashi ne ya haɗa shi da shugaban sashen sadarwa na soja a lokacin, Murtala Ramat Muhammad, ɗan Kano.

Haɗuwar da ta fara da taƙaddama ta rikiɗe ta zama abota. Murtala ya zama kwamishinan sadarwa na tarayya a 1974, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1975.

A waɗannan shekaru na bunƙasar kuɗin man fetur, ITT ya samu manyan kwangilolin shimfiɗa wayar tarho a Najeriya, Abiola kuma ya kai matsayin mataimakin shugaban kamfanin mai kula da Afirka da Gabas ta Tsakiya.

Masu suka sun daɗe suna cewa wayar tarhon da aka samar ba ta kai kuɗin da aka kashe ba, kuma kusancinsa da manyan sojoji ne tushen arzikinsa. Mawaƙin nan Fela Anikulapo Kuti, wanda shi ma ɗan Abeokuta ne, ya ambaci sunansa a wata waƙar zambo da ya yi wa kamfanin.

Daga nan harkokinsa suka yaɗu zuwa noma, da burodi, da sayar da littattafai, da jiragen sama, da man fetur, da kuma ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Abiola Babes.

A 1980 ya kafa kamfanin jaridun Concord. Baya ga jaridun Turanci, kamfanin ya riƙa buga Isokan da Yarbanci, da Udoka da harshen Igbo, da kuma Amana da Hausa.

Abin da ya fi fito da sunansa shi ne kyauta. Kusan shekara ashirin, da wuya a yi gidauniyar gina masallaci, ko makaranta, ko ɗakin karatu, ko asusun raya wata jiha, ba a gayyaci Abiola a matsayin babban mai ƙaddamarwa ba. Ya ba masallatai, ya kuma ba majami'u, a Kudu da Arewa.

Ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Najeriya, wadda Sarkin Musulmi ke shugabanta. A 1988 kuma Alaafin na Oyo, Lamidi Adeyemi na Uku, ya naɗa shi Aare Ona Kakanfo, wato sarkin yaƙin ƙasar Yarbawa.

A ƙasashen waje ya jagoranci fafutukar neman Turawa su biya Afirka diyyar cinikin bayi da mulkin mallaka.

Bayaraben jam'iyyar Shagari

Tun daga farko siyasar Abiola ta bambanta da ta akasarin 'yan yankinsa. Yana saurayi ya shiga NCNC ta Dakta Azikiwe, a lokacin da jam'iyyar Action Group ta Cif Awolowo ke mulkin Jihar Yamma.

A Jamhuriya ta Biyu ya shiga jam'iyyar NPN, ya zama shugabanta a jihar Ogun, jihar da Awolowo ya samu fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙuri'unta a 1979.

Jaridun Concord sun zama garkuwar gwamnatin Shagari a Legas, inda akasarin jaridu ke tare da 'yan adawa. Sun kuma sa Awolowo a gaba da suka.

Wannan ya jawo wa Abiola baƙin jini a gida, inda wasu ke masa kallon ɗan koren 'yan Arewa. A ɗaya ɓangaren kuma ya samu abokai da yawa a cikin 'yan siyasa da sarakuna da malaman Arewa.

A 1982 ya nuna sha'awar neman takarar shugaban ƙasa a NPN, bisa fahimtar cewa za a riƙa karɓa-karɓa tsakanin yankuna. Jiga-jigan jam'iyyar suka toshe masa hanya, aka kuma ruwaito ministan sufuri, Alhaji Umaru Dikko, yana nuna masa cewa shugabancin ƙasa ba hajar sayarwa ba ce.

Abiola ya fice daga jam'iyyar, ya ce ya bar siyasa. Shekara goma ya yi yana kasuwanci da rabon dukiya, yana kuma abota da shugaban mulkin soja, Janar Ibrahim Babangida, wanda ya hau mulki a watan Agustan 1985.

Hanyar zuwa Jos

A 1989 gwamnatin Babangida ta ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasar da jama'a suka kafa rajista. Maimakon haka ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu da kanta, SDP mai alamar doki da NRC mai alamar mikiya, ta rubuta musu manufofi, ta kuma gina musu ofisoshi a kowace ƙaramar hukuma.

A zaɓen gwamnoni na Disambar 1991, NRC ta samu jihohi 16, SDP ta samu 14. A zaɓen majalisun tarayya na 1992 kuwa SDP ce ta samu rinjaye.

A zaɓen fitar da gwani na 1992, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa mai ritaya ne ke kan gaba a SDP, yayin da Malam Adamu Ciroma da Alhaji Umaru Shinkafi ke fafatawa a NRC. Gwamnati ta soke zaɓen bisa zargin maguɗi, ta kuma haramta wa dukkan masu neman takarar su 23 sake tsayawa.

Wannan share fage ne ya buɗe wa Abiola ƙofa, kamar yadda ya buɗe wa Bashir Tofa.

An ɓullo da sabon tsari da aka kira Option A4, inda mai neman takara zai faro daga mazaɓarsa, ya haura ƙaramar hukuma, ya ci jiharsa, sannan ya je babban taron ƙasa.

A taron SDP da aka yi a Jos a watan Maris na 1993, Abiola ya kara da Ambasada Babagana Kingibe, tsohon shugaban jam'iyyar wanda gwamnoninta da dama ke goya wa baya, da kuma Alhaji Atiku Abubakar na ɓangaren 'Yar'aduwa.

Atiku ya zo na uku a zagayen farko, ya janye, magoya bayansa suka koma wa Abiola, wanda ya yi nasara da ƙaramar tazara.

A Fatakwal kuma NRC ta tsayar da Bashir Tofa, ɗan kasuwa mai shekara 45, wanda ya taɓa zama sakataren kuɗi na NPN na ƙasa. Ya ɗauki Dakta Sylvester Ugoh, Kirista ɗan ƙabilar Igbo, a matsayin mataimaki.

Abiola kuwa ya ɗauki Kingibe, ɗan Borno, saboda matsin lambar gwamnonin jam'iyyarsa. Musulmi biyu ke nan a tikiti guda.

Ƙasar da ta gaji

A lissafin siyasar da aka saba da shi, tikitin NRC ne ya fi daidaito: Musulmin Arewa da Kiristan Kudu. Na SDP kuwa ya zo ne a lokacin da zaman ɗar-ɗar tsakanin mabiya addinan biyu ya kai maƙura.

An yi ta ce-ce-ku-ce kan shigar Najeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986. A watan Afrilun 1990, masu yunƙurin juyin mulki ƙarƙashin Manjo Gideon Orkar sun sanar da cire jihohin Sakkwato, da Katsina, da Kano, da Bauchi, da Borno daga Najeriya.

An zubar da jini a Tafawa Balewa da Bauchi a watan Afrilun 1991, da Kano a watan Oktoban wannan shekara, da kuma Zangon Kataf a 1992.

Sai dai akwai wata damuwar da ta haɗa kowa. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP, wanda aka fara a 1986, ya karya darajar naira, farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata. Sau da dama kuma aka ɗage ranar miƙa mulki ga farar hula.

Abiola ya gina yaƙin neman zaɓensa kan wannan damuwa. Takensa shi ne kyakkyawan fata, kundin manufofinsa kuma ya yi alkawarin bankwana da talauci.

Ya riƙa ba jama'a labarin yaron da ya sayar da itace ya zama attajiri. Da jiragensa ya karaɗe ƙasar, tallarsa ta cika rediyo da talabijin, jaridunsa kuma na biye da shi.

An yi muhawara tsakanin 'yan takarar biyu a gidan talabijin na ƙasa, NTA, kuma akasarin masu sharhi a jaridun lokacin sun ba Abiola rinjaye.

Shi kuwa Bashir Tofa, a wajen da'irar 'yan siyasa da 'yan kasuwa, mutane da yawa ba su san sunansa ba sai da aka tsayar da shi, kuma wata biyu da 'yan kwanaki kawai yake da su ya gabatar da kansa.

Yadda ƙuri'u suka rabu

Kwana biyu kafin zaɓe, wata ƙungiya mai suna ABN ta Cif Arthur Nzeribe, mai neman sojoji su ci gaba da mulki, ta samu umarnin wata kotu a Abuja na hana gudanar da shi. Hukumar zaɓe ta NEC, ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu, ta ce doka ta hana kotu tsoma baki, aka ci gaba.

An yi zaɓen lami lafiya, aka ƙidaya ƙuri'u a rumfuna a gaban jama'a. Masu sa ido na gida da na waje sun yaba da shi.

Alƙaluman da aka tattara daga jihohi sun nuna Abiola ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 8, kimanin kashi 58 cikin ɗari, yayin da Tofa ya samu kimanin miliyan 6.

Abiola ya lashe jihohi 19 daga cikin 30, da kuma Abuja. A jihohin Legas, da Ogun, da Oyo, da Osun, da Ondo ya samu fiye da kashi 80 cikin ɗari. Yarbawan da suka juya masa baya a zamanin NPN sun rungume shi, shekara shida bayan rasuwar Awolowo.

A Arewa ya ci Kano, da Jigawa, da Kaduna, da Borno, da Yobe, da Taraba, da Filato, da Binuwai, da Kwara. Filato da Binuwai jihohi ne da Kiristoci ke da rinjaye, kuma tikitin Musulmi biyu bai hana su ba. Ya kuma ci Anambra, duk da cewa mataimakin abokin hamayyarsa ɗan Igbo ne.

Tofa ya lashe jihohi 11: Sakkwato, da Kebbi, da Katsina, da Neja, da Bauchi, da Adamawa, da Kogi, da Ribas, da Inugu, da Imo, da Abia. Huɗu daga cikinsu a Kudu suke. A Sakkwato, Abiola bai wuce kusan ɗaya bisa biyar na ƙuri'un ba.

Abin lura shi ne, Katsina ta 'Yar'aduwa da Adamawa ta Atiku duk sun tafi ga NRC, alhali manyan 'yan siyasar biyu 'yan SDP ne.

Me ya faru a Kano?

Masu nazarin siyasa sukan kawo dalilai da dama kan sakamakon Kano, kuma babu ɗaya da ya isa shi kaɗai.

Na farko shi ne tarihin jihar. Kano gidan NEPU ce da PRP, kuma a 1979 ta juya wa NPN baya. Akasarin almajiran Malam Aminu Kano sun shiga SDP, cikinsu har da tsohon gwamna Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, da Alhaji Sule Lamido wanda ya zama sakataren jam'iyyar na ƙasa.

Gwamnan jihar na lokacin, Alhaji Kabiru Gaya, ɗan NRC ne, amma rikicin cikin gida na SDP ne ya taimaka masa ya ci zaɓe a 1991. A idon talakan Kano da yawa, NRC magajiyar NPN ce, Tofa kuma tsohon jigonta ne.

Abin mamakin shi ne shi ma Abiola tsohon jigon NPN ne. Rigar jam'iyyar da ya sa, da mutanen da suka riƙo hannunsa suka shiga da shi unguwanni da ƙauyuka, su suka rufe wannan tarihi.

Na biyu shi ne addini. Mai zaɓe Musulmi bai ga wata barazana ba a tikitin da ke ɗauke da mataimakin shugaban majalisar ƙoli ta Musulunci da kuma ɗan Borno. Don haka ba a iya amfani da wannan makami a kansa ba.

Na uku shi ne suna da alheri. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Mutanen da ba su taɓa ganin Abiola ba sun san masallaci ko makarantar da ya sa wa hannu. Akwai kuma ƙuri'un ɗimbin 'yan Kudu mazauna Sabon Gari.

Duk da haka, tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu 15 ba, kuma dukkan ƙuri'un da aka kaɗa a jihar ba su kai dubu 350 ba, adadin da ya yi kaɗan ƙwarai ga jiha mai yawan jama'a irin Kano.

A faɗin ƙasar ma, cikin kimanin mutum miliyan 39 da suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su wuce miliyan 14 da 'yan kai ba. Mutane da yawa sun zauna a gida saboda ruɗanin umarnin kotu, wasu kuma ba su yarda sojoji za su sauka ba.

Ta leƙo ta koma

Hukumar zaɓe ta fara bayyana sakamako, har ta fitar da na jihohi 14, sai wata kotun Abuja ta ba da umarnin dakatarwa. A ranar 23 ga watan Yuni gwamnatin soja ta soke zaɓen baki ɗaya.

Janar Babangida ya kafa hujja da hukunce-hukuncen kotuna masu karo da juna, da kuma zargin amfani da kuɗi. 'Yan ƙasar da dama ba su gamsu ba, Amurka da Birtaniya kuma suka ɗauki matakan ladabtarwa.

Zanga-zanga ta ɓarke a Legas a farkon watan Yuli, jami'an tsaro suka kashe mutane fiye da ɗari. Jama'a suka riƙa kwashe iyalansu suna komawa garuruwansu na asali saboda fargabar yaƙi.

A ƙarshen watan Agusta Babangida ya sauka, ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, wanda shi ma ɗan Abeokuta ne. Shugabannin SDP sun amince da wannan tsari, a daidai lokacin da ɗan takararsu ke London da Washington yana neman goyon baya.

A ranar 17 ga watan Nuwamba Janar Sani Abacha ya karɓe mulki, ya rusa jam'iyyun biyu da dukkan zaɓaɓɓun hukumomi. Da farko Abiola bai yi adawa da shi ba, bisa tsammanin za a miƙa masa mulki.

Ambasada Kingibe ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje. Abubakar Rimi ya zama ministan sadarwa. Tsohon gwamnan Legas, Alhaji Lateef Jakande, shi ma ya shiga gwamnatin.

A haka gamayyar da ta kawo ƙuri'un Kano da Borno da Filato ta watse. Sannu a hankali batun 12 ga Yuni ya koma tamkar kukan Yarbawa kaɗai, wasu jaridun Legas na ɗora wa Arewa baki ɗaya laifin sokewar, wasu a Arewa kuma na kallon fafutukar a matsayin ta ƙabilanci.

Amma akwai 'yan Arewa da suka tsaya. Kanar Abubakar Dangiwa Umar ya bar aikin soja saboda adawa da sokewar, tsohon gwamnan Kaduna Alhaji Balarabe Musa kuma bai daina kiran a mutunta zaɓen ba.

Tsarewa da rasuwa

A ranar 11 ga watan Yunin 1994, a unguwar Epetedo da ke tsibirin Legas, Abiola ya ayyana kansa a matsayin shugaban ƙasa. An kama shi a ranar 23 ga watan, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa.

An yi masa tayin beli bisa sharuɗɗan da za su hana shi ci gaba da fafutuka, bai karɓa ba. Ya shafe shekara huɗu a tsare a Abuja, akasari shi kaɗai a ɗaki, lafiyarsa na taɓarɓarewa, harkokin kasuwancinsa na durƙushewa.

Matarsa, Hajiya Kudirat, wadda aka haifa a Zariya, ta ci gaba da jagorantar neman a sake shi. 'Yan bindiga sun harbe ta a cikin motarta a Legas a ranar 4 ga watan Yunin 1996.

Janar Shehu 'Yar'aduwa, wanda shi ma gwamnatin Abacha ta ɗaure, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disambar 1997.

Janar Abacha ya rasu a ranar 8 ga watan Yunin 1998. Magajinsa, Janar Abdulsalami Abubakar, ya fara sakin fursunonin siyasa. Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Kofi Annan, da na ƙungiyar Commonwealth, Cif Emeka Anyaoku, sun gana da Abiola, ana kuma sa ran sakinsa.

A ranar 7 ga watan Yuli, yana cikin ganawa da wata tawagar Amurka da ta ƙunshi Thomas Pickering da Susan Rice, sai rashin lafiya ta kama shi bayan an ba shi shayi. Ya rasu a ranar.

Likitocin ƙasashen waje da suka binciki gawarsa sun ce ciwon zuciya ne ya kashe shi. Wasu daga cikin iyalansa da magoya bayansa ba su yarda da hakan ba.

Tarzomar da ta biyo baya a Legas da wasu garuruwan Yarbawa ta ci rayuka da dama, cikinsu har da 'yan Arewa mazauna can. An binne shi a gidansa da ke Ikeja.

Bayan rasuwarsa

Domin kwantar da hankalin yankin Kudu maso Yamma, manyan jam'iyyu sun tsayar da Yarbawa biyu a zaɓen 1999, Janar Olusegun Obasanjo da Cif Olu Falae. A wannan karo ma ƙuri'un Arewa sun taimaka wa ɗan Abeokuta, alhali yankinsa ya zaɓi abokin hamayyarsa.

Shekaru da dama jihohin Yarbawa ne kawai ke hutun 12 ga Yuni. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya mayar da ita Ranar Dimokuraɗiyya a maimakon 29 ga Mayu, ya kuma ba marigayin lambar GCFR, wadda aka saba bai wa shugabannin ƙasa. A 2019 aka sa wa babban filin wasa na Abuja sunansa.

Alhaji Bashir Tofa, wanda ya koma kasuwanci da rubuta littattafai da Hausa, ya rasu a Kano a ranar 3 ga watan Janairun 2022.

A zaɓen 2023 aka sake ganin tikitin Musulmi biyu, Bayarabe da ɗan Borno, wato Bola Ahmed Tinubu da Kashim Shettima. Sun yi nasara, sai dai a wannan karo batun ya jawo zazzafar muhawara, jihar Filato ta juya musu baya, Kano kuma ta zaɓi ɗanta, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda a 1993 ɗan majalisar wakilai ne a jam'iyyar Abiola.

A watan Fabrairun 2025, a littafin tarihin rayuwarsa da ya ƙaddamar a Abuja, Janar Babangida ya amince cewa Abiola ne ya ci zaɓen, ya kuma nuna nadamar soke shi, kusan shekara 32 bayan kaɗa ƙuri'ar.